Binance da ƙananan koyin: abin da mai sidi a Nima zai duba kafin ya danna

A Nima da Mamobi da Madina Zango na Akara, yawancin matasan da ke neman koyin (kuɗin kirifto) ɗin da zai tashi ta Binance, manhajar cinikin kirifto, suke shiga kasuwar. Sashenta na P2P, inda mutum ke saye da sayarwa kai tsaye da wani mutum, yana karɓar sidi ta MTN MoMo da Telecel Cash, rajista kuma da Ghana Card ake yi da hoton fuska. Wajen shigar da kuɗi da fitar da su manhajar ta yi. Inda take da aibu shi ne yadda ta jera maka koyin da suka fi tashi yau da koren launi a shafin farko, har mutum ya ɗauka shawara ake ba shi, alhali labarin abin da ya riga ya wuce ne.

Sidi ba ya sayen ƙaramin koyin kai tsaye, sai ka fara sayen USDT, koyin da aka ɗaure darajarsa da dala, a hannun wani ɗan kasuwa. Zaɓi wanda ya kammala ciniki da yawa, kuma adadin kammalawarsa ya haura kashi 95. Binance tana riƙe USDT ɗinsa har ka biya, don haka mai saye ba ya cikin hatsari sosai. Mai sayarwa ne ake cuta. Idan kai ke sayar da USDT, za a turo maka saƙon tes mai kama da na MoMo, a bi shi da kira ana roƙo, wai ɗan'uwa ka saki ina sauri. Kada ka saki sai ka buga *170# ka ga kuɗin a ciki da idonka, kuma sunan wanda ya turo ya yi daidai da sunan da ke kan cinikin. Idan da sunan wani aka biya, mayar musu, domin kuɗin damfara ne kan bi wannan hanya, kuma layinka ne za a rufe idan mai kuɗin ya kai ƙara. Soke E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, da aka yi a Afrilun 2025 ya rage tsadar wannan mataki, sai dai tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa tana nan, kuma asara ce da kake ɗauka tun kafin koyin ya motsa.

Kuɗin ciniki a sashen Spot, inda ake sayen koyin da kuɗin hannu, kashi 0.1 ne, ana rage rubu'insa idan da BNB, koyin ɗin Binance, ka biya. Wannan da sauƙi. Abin da ke cin kuɗin mutane a ƙananan koyin shi ne ƙarancin masu saye. Buɗe jerin tayin da ke gefen farashi ka tara adadin da masu saye suka ajiye a layuka goma na sama. A Bitcoin za ka ga kuɗi jibge. A ƙaramin koyin, musamman ranar da kasuwa ta rikice, za ka iya tarar da tayin bai kai abin da ke hannunka ba. Idan ka danna Market, wato sayarwa nan take a duk farashin da aka samu, manhajar za ta bi layukan tana sayarwa ƙasa-ƙasa har kayanka su ƙare, ka tashi da farashin da ba shi ka gani a allo ba. Limit ake amfani da shi, ka rubuta farashinka ka jira. Ranar 13 ga Afrilun 2025 koyin OM ya faɗo daga wajen dala 6 zuwa ƙasa da dala 1 cikin sa'o'i kaɗan, kuma a kan Binance yake a lokacin. Kasancewar koyin a babbar kasuwa ba ta hana shi rushewa.

Sai maganar da ta fi yawo a majalisa: koyin kaza bai kai ko pesewa ɗaya ba, in ya kai dala ɗaya mun huta. Lissafinsa minti ɗaya ne. Ninka farashin da kake mafarki da yawan koyin da ke yawo. Misali, koyin SHIB da ke yawo sun kai kimanin tiriliyan 589, to kafin ɗaya ya zama dala ɗaya sai darajarsa duka ta kai dala tiriliyan 589, wato ninki biyar da 'yan kai na abin da duniya gaba ɗaya ke samarwa a shekara. Manhajar tana nuna waɗannan alƙaluma a shafin bayanin kowane koyin, amma a ɓoye suke, sai ka nema. Duba kuma bambancin koyin da ke yawo da jimillar da aka ƙirƙira. Idan kashi 15 ne kawai a kasuwa, sauran 85 suna kulle a hannun masu aikin da manyan da suka zuba jari tun farko da araha, kuma akwai ranakun da ake buɗe musu. Ranar da aka buɗe, kai za su sayar wa.

Akwai abin da ɗan Akara zai lissafa wanda bidiyoyin Amurka ba za su faɗa masa ba. Ribarka da dala ake auna ta, cefanenka kuwa da sidi. A Afrilun 2025 dala tana wajen sidi 15.5, zuwa Yuni ta sauko wajen 10.3. A ce mutum ya zuba sidi 1,550 ya sayi koyin na dala 100, koyin ya tashi da kashi 30 ya zama dala 130. Da ya canza a Yuni, sidi 1,339 zai karɓa. Allo kore, aljihu ya ragu da sidi 211. Sai koyin ya tashi da kusan kashi 50 kafin ma ya dawo da uwar kuɗinsa. A 2022 akasin haka aka gani, sidi ya zube, masu riƙe da USDT kawai suka ci riba ba tare da sun taɓa wani ƙaramin koyin ba.

Abu guda da Binance ta kyauta shi ne alamomin gargaɗi. Seed ana manna wa sababbin koyin masu hatsari, Monitoring kuma ana manna wa waɗanda ake sa wa ido don wataƙila a cire su, kuma duk bayan kwana 90 sai ka amsa 'yan tambayoyi kafin a bar ka ka ci gaba da cinikinsu. Mutane suna danna amsoshin ba karatu. Koyin da aka sanar za a cire yakan faɗi nan take, don haka ganin Monitoring a kan abin da kake riƙe dalili ne na rage kaya.

Sashen Futures, inda ake ciniki da bashi kan inda farashi zai dosa, kam ban ba kowa shawarar haɗa shi da ƙaramin koyin ba. Da ninki 20, wato cinikin da ya ninka kuɗinka sau 20, motsin kashi 5 zuwa inda ba ka so ya isa ya share kuɗinka, ƙaramin koyin kuwa yana yin wannan kafin ka idar da sallar la'asar. Ranar 10 ga Oktoban 2025 an share cinikin bashi na kimanin dala biliyan 19 a kasuwannin kirifto cikin yini ɗaya. Ga kuma kuɗin riƙo da ake cira lokaci-lokaci muddin cinikin yana buɗe, wanda ya isa mutum ya tambayi malaminsa hukuncinsa kafin ya fara.

Ta fuskar hukuma, Bankin Ghana ya umarci kamfanonin kirifto su yi rajista da shi a 2025, amma rajistar kamfani ba ta biyan wanda koyin ɗinsa ya faɗi. Wanda zai kwashe kayansa zuwa asusun kansa ya lura da layin turawa: layukan TRC20 da BEP20 da ERC20 ba ɗaya ba ne, kuma XRP da TON suna buƙatar lambar memo, ƙarin lambar da ke nuna asusun wanda ake tura wa, idan kasuwa za a tura su. Fara tura kaɗan, ka ga ya isa, sannan ka tura sauran.