Gaskit na takarda ko na ƙarfe: wanne ya dace da injin turbo?

Ɗan'uwa, ka ce injinka mai turbo ya ƙona gaskit ɗin tof, wato shimfiɗar da ke tsakanin murfin saman inji (tof) da gangar jikinsa (bulok), a shago kuma an ajiye maka iri biyu, wanda kanikawa ke kira na takarda da kuma na ƙarfe mai falle-falle, kana tambayar wanne za ka ɗauka. Na ƙarfen zan ce ka ɗauka, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi mutane suka fi tsallakewa.

Duk su biyun aiki ɗaya aka ɗora musu: su raba wutar silinda da ruwan lagireto da baƙin mai. Wahalar ita ce wurin da suke zaune ba ya tsayawa cik. Duk lokacin da mai ya kama da wuta a silinda, tof yana ɗan ɗagawa sama ya dawo, ɗagawar da ido ba ya gani, kuma turbo, mai tura ƙarin iska cikin silinda, ƙara ta yake yi. Sannan a injuna da yawa tof na alminiyam ne, bulok kuwa ƙarfen zubi, alminiyam kuma yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi. Ke nan inji na ɗaukar zafi yana hucewa, fuskokin biyu na goga gaskit a tsakaninsu.

Na takarda ba takarda ba ne a zahiri. Farantin ƙarfe ne siriri a tsakiya, an manna masa abu mai laushi gaba da baya, da can asbestos, yanzu galibi girafait, irin baƙin cikin fensir, sannan aka naɗa zoben ƙarfe a bakin kowace silinda. Da laushinsa yake toshewa. Idan aka ɗaure noti sai ya lotse ya cike 'yan ramuka da ƙarce-ƙarcen da ke fuskar tof da bulok, shi ya sa yake rufa wa tsohon inji asiri. Amma kamar katifar auduga yake, inda ya lotse ba ya tasowa. Tof ya ɗaga, gaskit bai bi shi ba, wuta ta sami ƙofa ta fara cin zoben.

Na ƙarfe, wanda ake rubuta MLS a kwalinsa, falle uku ne zuwa biyar na ƙarfen da ba ya tsatsa. An matsa wa fallayen waje ɗan tudu kewaye da kowace silinda da kowace hanyar ruwa da mai, tudun nan kuma sifirin ne: tof ya ɗaga, ya bi shi, tof ya sauko, ya kwanta. Fallayen suna iya ɗan zamewa a kan juna, don haka gogar alminiyam da ƙarfen zubi ba ta yaga shi. Rauninsa ɗaya ne, kuma nan sharaɗin da na ce yake: ba shi da naman da zai cike rami. Robar da aka shafa masa siririya ce ƙwarai, ba ta kai kaurin gashin kai ba. Kamfanin Cometic na Amurka, wanda ya yi suna da irin wannan gaskit, yana neman santsin fuska na Ra 50 ko ƙasa da haka a ma'aunin Amurkawa (Ra ma'aunin kaushin fuska ne, ƙaramar lamba ta fi santsi). A yawancin injuna kuma lanƙwasar tof bai kamata ta wuce kimanin milimita 0.05 ba. Tof ɗin da aka goge da samfefa a kan benci ba zai kai nan ba. Ka ɗora masa MLS mafi tsada, zai yi yoyon ruwa tun kafin ka gama murna, alhali na takarda mai araha da ya lallaɓa.

Toyota ma ta ɗanɗana wannan darasin. Motarta Supra ta ƙarshen shekarun 1980 mai injin 7M-GTE ta yi ƙaurin suna wajen ƙona gaskit. Gaskit ɗinta mai laushi ne, ƙarfin ɗaurin notin tof da kamfanin ya rubuta kuwa Nm 78 ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), wanda masu motar suka gano ya yi kaɗan, suka riƙa ɗaurewa zuwa wajen Nm 98. Injin 2JZ-GTE da ya zo a Supra ta 1993 da gaskit na ƙarfe ya fito daga kamfani, kuma har yau masu ƙara wa inji ƙarfi suna ɗora masa fiye da abin da aka ƙera shi dominsa, gaskit ɗin na riƙewa. Lura da cewa a labarin 7M rabin laifin na noti ne. Injunan zamani da yawa suna da notin tof da aka yi shi ya miƙe idan an ɗaure, sau ɗaya ake amfani da shi. Mayar da tsohon noti, ko ɗaurewa da dogon bututu har sai hannu ya ce ya isa, yana kashe kowane gaskit. Sifana mai ma'auni ake sawa, a bi jerin ɗaurin daga tsakiya zuwa gefe.

Akwai na uku da za ka ji ana kurantawa, na jan ƙarfe zalla, wanda ake haƙa wa bulok ɗan layi a binne waya kewaye da silinda ta cije shi. Wajen riƙe wuta babu kamarsa, wajen riƙe ruwa da mai kuwa rago ne. Gidansa motocin tseren Top Fuel na Amurka, waɗanda babu ruwan sanyaya inji a cikinsu, suke cinye ƙafa 1,000 cikin ƙasa da daƙiƙa 4, a kwance injin bayan kowane gudu. Motar da za ta tsaya a cunkoson Kano da rana tsaka ba ta da haɗi da shi.

To ga yadda zan raba maka. Idan injinka da na ƙarfe ya fito daga kamfani, kada ka koma na takarda don sauƙin kuɗi, a kai tof wurin masu injin gyaran fuska, a auna bulok ma, a sayi sababbin noti. Idan tsohon inji ne da ya fito da na takarda, ba ka ƙara wa turbo ƙarfi ba, kuma ba za a sauke bulok a gyara fuskarsa ba, na takarda mai kyau ya fi maka. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne haɗa gaskit biyu bayan an rage tof, ko laɓta gam a kan MLS. Ana yin gaskit mai ƙarin kauri musamman don tof ɗin da aka rage, shi kuma MLS a bushe ake sa shi.

Kafin a rufe injin, ka sa a nemo abin da ya ƙona na farkon. A garejojinmu sau da yawa za ka tarar an cire tamostat mai daidaita zafin ruwan inji, lagireto ya toshe da tsatsar ruwan famfo, ko fanka ta daina tashi. A injin turbo ka ƙara da duba man da kake sha da saitin wuta, domin ƙwanƙwasar da inji ke yi idan mai ya fashe ba a kan lokaci ba ita ce ke murƙushe zoben bakin silinda.