Daga Kano zuwa Argungu a motar masu shirya tafiyar kallo: mota da jagora sun biya, masauki da saura

Babban kamun kifi na bikin Argungu bai wuce awa guda ba. Daga Kano kuwa tafiyar ta haura kilomita 600. Duk wanda zai karɓi kuɗin mutane ya ce zai kai su kallon wannan biki, aikinsa na farko shi ne ya tsayar da su a bakin kogin Matan Fada kafin a harba bindiga, a inda idonsu zai ga ruwa. Samarin da suka kwashe mu a watan Maris na 2020 sun cika wannan, kuma saboda shi nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Amma akwai inda suka gaza, kuma ba zan rufe ba.

Naira dubu 30 muka biya kowane mutum, kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, karin kumallo da ɗan jagora. Ni da Baffana muka je. Rabonsa da Argungu tun zamanin Shagari, kuma da ya ji a rediyo cewa bikin zai dawo bayan kusan shekara goma ba a yi ba, sai ya ce ko da rarrafe sai ya je. Mutum ne mai ciwon gwiwa, shi ya sa ban yarda mu bi motar tasha ba.

Bas ce mai cin mutum 18, amma 14 suka ɗauka, ga wurin miƙe ƙafa. Ana idar da sallar asuba muka ɗau hanya ta Gwarzo, Malumfashi, Funtua. Direban dattijo ne, ba ya gudun ganganci, ba ya kuma amsa waya yana tuƙi. A Funtua wani daga cikinmu ya so a daɗe don ya leƙa wani abokin cinikinsa, direba ya ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, hanyar Tsafe ba a yi mata yamma." Babu wanda ya ƙara magana, don kowa ya san halin da hanyar nan take ciki. A Gusau muka yi azahar, muka ci abinci. Bayan Talata Mafara na'urar sanyaya motar ta tsaya, muka ƙarasa Sakkwato tagogi a buɗe, iska mai zafi tana dukan fuska. Wannan ban ɗora musu laifi sosai ba, don washegari sun gyara.

Inda raina ya ɓaci shi ne masauki. Da bakinsu suka ce a cikin Argungu za mu kwana. Muka shiga garin da dare, ga fitilu, ga amon kalangu daga nesa, ga masu soya kifi a bakin titi, sai mota ta wuce. Sai a lokacin shugaban tafiyar ya waiwayo ya ce ɗakunan garin duk sun cika, Birnin Kebbi za mu sauka, tafiyar kusan awa guda. Na yarda ɗakuna sun cika. Gari ne da ya karɓi shugaban ƙasa da gwamnoni da sarakuna a mako guda, kowa da tawagarsa. To amma sun san haka tun muna Kano, me ya hana su faɗa? Ɗakin da aka ba mu mutum huɗu ne a ciki, janareta na mutuwa sha biyun dare, sauro kuma ya karɓi aiki. Zafi da sauro duk da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne shagalin dare ya wuce mu. Kaɗe-kaɗen gargajiya da ake kwana ana yi, wanda Baffa ya yi ta ba ni labari a hanya, mu muna cikin mota ana mayar da mu masauki tun bayan isha'i. Mutumin da ya taso daga Kano don kallo bai kamata a tsame shi daga gari a daidai lokacin da gari ya ɗauki daɗi ba.

Wanda ya wanke su shi ne jagoran da suka haɗa mu da shi. Bakabe ne ɗan gari, gidansu masunta ne kaka da kakanni, Hausarsa irin ta can mai "wanga" da "mi kaka so". Ya fara kai mu gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka gina a 1831, inda kaburburan sarakuna suke, ga kayan yaƙi na da, ga kayan kamun kifi iri-iri. A nan ya ba mu asalin bikin, kuma ya iya ba da labari: yadda Kabawa da Sakkwato suka shafe shekaru suna gaba tun bayan jihadi, har zuwa 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarki Muhammadu Sama ya tara masunta aka yi gagarumin su don karrama baƙonsa. Baffa ya riƙa gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, yaro, haka muka ji." Da ya zo kan cewa UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya da ake tattalawa a 2016, sai ka ga alfahari a fuskarsa.

Shi ne kuma ya dage sai mun ga kabanci, wasannin ruwa da ake yi kafin babbar rana. Da yawa daga cikinmu ba mu san da shi ba, kifi kawai muka zo gani. Ga tseren kwale-kwale, ga kamun agwagwar ruwa, ga nutso, ga masu kama kifi da hannu zalla. A wajen nutso na ga wani matashi ya shige ruwa ya daɗe har wata mata a gefena ta fara salati, sai ga kansa ya ɓullo can nesa yana dariya. Wanda zai je Argungu ya tsallake wannan rana ya rage wa kansa rabin kallo.

Ranar Asabar tun kafin kiran assalatu suka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wasu sun yi gunaguni, amma da muka isa muka ga motocin da suka biyo bayanmu sun maƙale tun daga bakin gari, mutane na saukowa suna takawa a ƙasa, gunagunin ya ɗauke. Jagoran ya ratsa da mu ta wani lungu, ya tsayar da mu a kan tudu daura da inda ake auna kifi. Ya ɓace na ɗan lokaci, sai ga shi da kujerar roba a ka, ya dasa ta a 'yar inuwa ya ce, "Baba, zauna nan, ba mai tada ka." Wannan kujera ba ta cikin abin da muka biya.

An sha jira, rana ta yi ta dukanmu, kuma ruwan shan da suka tanada ya ƙare da wuri, sai da muka saya da tsada. A can nesa da gaɓa masunta dubbai sun yi sahu, kowa da homa (ragar kamun kifi) a hannu da ƙaton gora. Da aka harba bindiga ƙasa ta ɗauki rugugi, ƙura ta tashi, suka kwararo a guje suka afka kogi. Kafin ka ƙifta ido ruwan ya ɓace, sai kawuna da goruna da homa suna sama suna ƙasa. Makaɗa na cikin kwale-kwale suna ratsa tsakiyarsu suna kiɗa, ruwan ya koma taɓo. A gabanmu wani dattijo ya rungumi gorarsa da ƙirji yana iyo a kanta, ya nutsa homa, ya ɗago da ɗan madaidaicin kifi, ya zura shi ta bakin gorar, ya ci gaba ko waiwaye babu. Can sai ihu ya tashi daga hagu, mutum uku suna jan giwan ruwa, wani ya zura hannu ta cikin bakinta, jelarta na share ƙasa har gaban sikeli. Wadda ta ci gasar ta 2020 kilo 78 ce. Da a bayan taro muke, labari kawai za mu ji kamar wanda yake Kano. Na juya in yi wa Baffa magana na tarar ya miƙe tsaye, ya manta da gwiwa, yana ɗaga sanda yana kirari.

Bayan an tashi jagoran ya kai mu wajen wata mai tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi a bayan kasuwa, da kuɗinmu, kuma ya dace da yunwar da muka kwaso. Dawowa lafiya lau, da rana aka bi hanya kamar yadda aka zo.

A Kano na je ofishinsu na faɗa musu maganar masauki ido da ido. Ba su yi musu ba, sun ba da haƙuri, sun mayar wa kowa naira dubu uku. Na karɓa, amma na ce musu ba kuɗin ne damuwata ba, daren da muka rasa ne. Wanda zai bi su wata shekara ya tambayi sunan unguwar da zai kwana a cikin Argungu tun kafin ya biya, ya kuma riƙe gorar ruwansa da malafa. Ni dai na karɓi lambar jagoran nan, ya ce akwai ɗakin baƙi a gidan yayansa kusa da fada. Idan Allah ya kai mu, motarsu zan sake shiga, amma a can za mu sauka ni da Baffa.