DaVinci Resolve wajen tace fim a kan baifolar da ba a gano ba

Mai cutar baifola (lalurar ƙwaƙwalwa mai ɗaga mutum sama, ta dawo ta sauke shi ƙasa) da likita bai taɓa dubawa ba, bai san ciwo yake yi ba. In ta ɗaga shi, sai ya yi mako guda ko fiye yana barcin awa biyu zuwa uku ba gajiya, magana ba birki, ya kwashi jarin shagonsa na Agege a Legas ya zuba a harkar da ta faɗo masa da tsakar dare. In ta sauke shi, mako biyu ko wata guda ko wanka sai ya gagara. A gida a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Abokai su ce ƙwaya ya fara. A irin wannan labari babu likitan da zai fito ya yi wa ɗan kallo bayani, tacewa ce za ta ɗauki nauyin. Resolve, manhajar kamfanin Blackmagic Design, ta iya wannan aiki, ko da ta kyauta ce a hannunka.

Ƙarfinta yana wajen gyaran kala, amma tarkon ma can yake. Sabon hannu yakan cika kala fal a kwanakin tashi, ya mayar da kwanakin sauka shuɗi, ɗan kallo ya gane komai cikin minti biyar alhali jarumin bai gane ba. Ma'aunin kaurin kala yana farawa ne daga 50. Kai shi 58 ko 60 ya isa, kuma a hankali, fitowa bayan fitowa, har ruwan ɗorawar danfo, motar hayar Legas, ya fara ɗaukar ido ba a san yaushe ba. Ana so mai kallo ya ji daɗin tashin tare da shi, don shi ma daɗinsa yake ji, shi ya sa ba ya zuwa asibiti a lokacin. Sai ya faɗi ake kai shi, a ɗauka ciwon damuwa ne kaɗai, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya sake tayar da shi. Ka ware nod ɗaya, wato matakin gyaran kala mai zaman kansa, ga launin fata kafin ka taɓa sauran, in ba haka ba baƙar fata takan koma ja.

Yankan hoto ba wuya: daƙiƙa ɗaya zuwa biyu a tashi, muryar fitowa ta gaba tana shigowa kafin hotonta; a sauka kuwa ka bar hoto ɗaya ya yi daƙiƙa 20 a kan mutum yana kallon wayarsa tana ruri.

Sashen sauti, Fairlight, ya fi kalar amfani a ganina. Legas ta riga ta ba ka kaya: hon, janareton maƙwabta, kwandasta na kiran Oshodi, kiran sallar asuba da ya riske shi bai runtsa ba. Jera su layi shida ko bakwai duk a sarari. A kwanakin sauka, waɗannan sautukan dai za ka maimaita, ka datse abin da ya haura kilohaz 2, su dawo kamar daga bayan bango.

Matsalolinta sanannu ne. Tana son RAM gigabait 16, don haka tsohuwar kwamfuta mai 8 daga Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Legas, za ta riƙa sanƙarewa sai an yi ƙananan kwafin hotuna an tace da su. Hoton waya yana sauya saurin firam, baki ya saɓa da murya. A fara bi da shi ta manhajar HandBrake a daidaita. Saita firam 25 a daƙiƙa a Resolve kafin ka shigo da komai, domin bayan nan a kulle yake. Ta kyauta ba ta da mai goge dusar hoton dare, ga fim ɗin rashin barci rabinsa dare ne, sai ko a ƙara fitila wajen ɗauka ko a sayi ta kuɗi, wato Studio, a dala 295, biya ɗaya. Kunna Live Save, mai adana aiki kai tsaye, tun farko saboda 'yan NEPA.

Abin da manhaja ba za ta duba maka ba shi ne tsawon kwanakin. In jarumi yana dariya da safe yana kuka da yamma, wata lalurar ka nuna. Kafin a rufe tacewa, a nuna wa likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a asibitin gwamnatin tarayya na Yaba da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba.