htop a kan saba mai furosesa da yawa: gwana ce, amma sai an gyara mata zama

Duk mai kula da sabar Linux a wani ofishi a Garki ko Wuse ya saba jin ƙorafin "abin nan ya yi nauyi". Manhajar da ta fi saurin nuna inda nauyin yake ita ce htop, wadda Hisham Muhammad ɗan ƙasar Birazil ya fitar a 2004. Kyauta ce, kuma a Ubuntu ko Debian sudo apt install htop kaɗai za ka rubuta.

Babban alherinta shi ne kowace ƙwayar furosesa (core, wato sashen da ke aiki da kansa a cikin furosesa) da nata layin. A saba mai ƙwaya takwas, idan shiri guda ya danne ƙwaya ɗaya gaba ɗaya, jimillar aiki ba ta wuce kashi 12.5 cikin ɗari, sai a zaci lafiya lau. A htop kuwa za ka ga layi ɗaya cike, bakwai na hutawa. A cikin layukan, kore aikin shirye-shirye ne, ja na cibiyar Linux kanta, shuɗi na ayyukan da aka rage wa fifiko. Idan ka ga shiri ɗaya ya kai kashi 400, kada ka firgita: ƙwaya huɗu yake ci.

Lambobi ukun da ke gaban Load average, wato lodin minti 1 da 5 da 15 (matsakaicin yawan ayyukan da ke gudana ko jiran furosesa), nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ba su da ma'ana sai an gwada su da yawan ƙwayoyi, wanda umarnin nproc ke bayarwa. Lodi 6 a kan ƙwaya takwas ba komai ba ne, a kan biyu kuwa ayyuka sun yi cincirindo. Ka duba umarnin lscpu ma, domin idan Hyper-Threading (fasahar da ke sa ƙwaya ɗaya ta bayyana kamar biyu) na kunne, takwas ɗin ƙila huɗu ne na gaske.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda htop take zuwa tun farko. Linux na lissafa har ayyukan da ke jiran faifan ajiya cikin lodi, don haka lodi na iya kai 20 alhali layukan furosesa kusan fayau. Kamar layin gidan mai ne: famfo na nan, man ne bai iso ba. htop ba ta nuna wannan jiran sai ka danna F2, ka shiga Display options, ka kunna Detailed CPU time, sannan zai fito da ruwan toka. A ginshiƙin S, mai nuna halin da aiki yake ciki, irin waɗannan ayyuka na ɗauke da harafin D, kuma ko ka aika musu da sigina 9 (umarnin kashe aiki da ƙarfi) ta F9 ba za su mutu ba sai faifan ya amsa. Sayen sabuwar furosesa a nan asarar kuɗi ce. Faifan za a bincika.

A shafin Display options ɗin dai ka kunna nuna gudun furosesa. Da zafin Maris da Afrilu na Abuja, in aka ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, saba na ci gaba a kan inbata, furosesa kan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Layuka za su cika ba tare da aiki ya ƙaru ba.

htop ba ta ajiye tarihi ko kaɗan. Abin da ya faru ƙarfe uku na dare ba za ka same shi da safe ba. Don wannan sai a haɗa ta da manhajar sysstat mai ajiye tarihin aikin saba, a kunna tattara bayanai a /etc/default/sysstat, sannan umarninta na sar -q ya ba ka lodin yinin, sar -P ALL kuma ya ba ka na kowace ƙwaya, duk bayan minti goma.