Minoxidil 5% ga mai sanƙo da ke shirin shiga soja

Minoxidil maganin shafawa ne na tsirar da gashi. Yana aiki, amma sai mai haƙuri. Mililita 1 ake shafawa a busasshen fatar kai, safe da dare. A makonnin farko gashi kan ƙara zuba, nan da yawa ke tsorata su jefar da kwalbar. Sai bayan wata 3 zuwa 6 ake ganin sabon tsiro, a tsakiyar kai musamman. Gashin goshi ba kasafai yake dawowa ba. Ka daina, sanƙon ya dawo.

Mai niyyar shiga Depot na Zariya, inda ake horar da sabbin sojoji, ya kula: wuce ƙima na iya jawo jiri da bugun zuciya da sauri, ga likitan tantancewa zai auna jini da zuciya. Ka faɗa masa kana shafawa. In kuwa makero ne ya cinye gashin, wannan ba maganinsa ba ne, na sha likita zai rubuta.