Kiwi, inabi ko rumman: wanne za ka saya wa tsakar gida a Kano?

Mai son rumfa mai inuwa da 'ya'ya a gidansa yakan fara tambayar kiwi, don ya gan shi a manyan kantuna da tsada. Shawararmu a nan Kano ita ce ka riƙe kuɗinka.

Kiwi ɗan ƙasar Sin ne, a New Zealand aka inganta shi. Irin Hayward, mai gashi a baya da kore a ciki, sai ya samu ɗaruruwan awoyi na sanyi ƙasa da digiri 7 kafin ya yi fure sosai. Hunturunmu bai kai nan ba. Ga zafin Afrilu mai kai digiri 40, wanda ke ƙone faffaɗan ganyensa, ga saiwarsa a sama-sama, ba ta jure fari, ba ta jure ruwa ya kwanta mata. Sannan akwai namiji da mace: namiji ɗaya ga mata shida zuwa takwas, kuma idan daga ƙwaya aka tsiro da shi ba a gane jinsinsa sai ya yi fure, bayan shekaru. Duk wanda ya miƙo maka leda ɗaya ya ce kiwi ne zai haihu baɗi, tambaye shi sunan irin da inda namijin yake. Ko a ƙasashensa sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya haihu. Idan marmari ne, sayi ɗan da tauri, ka sa shi a jaka tare da ayaba, zai yi laushi cikin kwanaki.

Inabi shi ne ke ba da abin da ake nema a wurin kiwi, kuma manoman Kudan a jihar Kaduna sun nuna yana yi a ƙasarmu. Nemi dashen reshe mai kaurin fensir, mai sabon toho. Ɗaga ledar ka duba gindinta: idan saiwa ta nannaɗe ta cushe, ya daɗe a ciki, bar shi. Haƙa rami santimita 60 faɗi da zurfi, ka gauraya ƙasar da takin shanu da ya ruɓe, don ɗanye na jawo gara. Bar mita uku tsakanin tushe da tushe, tsayin rumfar kuma ya kai mita biyu.

Inda akasari ake faɗuwa shi ne aski. Inabi a sabon reshe yake haihuwa, saboda haka a datse shi bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba, ya nuna cikin rani bayan kamar wata huɗu. Wanda ya ji tausayin ganye ya ƙi datsewa, inuwa kawai zai samu. 'Ya'yan da suka faɗa cikin damina kuwa fumfuna ce ke cinye su.

Rumman ba ya hawa rumfa, amma ya fi su sauƙin sha'ani, ya dace da gidan da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Dashen reshe kan fara haihuwa a shekara ta biyu ko ta uku. Matsalarsa tsagewa: idan ƙasa ta bushe ƙarau sannan aka kwarara masa ruwa, 'ya'yan sai su dare. A tsayar masa da ranakun ban ruwa.

Kowanne ka zaɓa, ka dasa a farkon damina, wajen Yuni, kuma a kewaye shi idan akwai akuya a gidan.