'Yan sandan Ingila da shafukansu na Facebook, abin da idona ya gani

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, a gaida min su Hajiya da kyau. Rannan da muke waya ka tambaye ni wai da gaske ne a nan mutum na kai ƙara gun 'yan sanda ba tare da ya taka caji ofis ba, kati ya ƙare ban baka amsa ba. To da gaske ne, ni kaina na yi.

Bara aka sace min keken da nake zuwa aiki da shi, a ƙofar gida fa, an datse kwaɗon. Na shiga shafinsu na intanet na cike fom, ba a jima ba sai ga lambar ƙara ta shigo wayata, ba wanda yace kawo kuɗin takarda ko kuɗin mai. Amma kar in ɓoye maka, bayan 'yan kwanaki suka turo saƙo wai sun rufe maganar tunda babu kyamara a layin, keke dai har yau shiru kuma abin ya min ciwo sosai. Lamba biyu gare su, 999 in abu na gaggawa ne, 101 in ba na gaggawa ba, kuma kullum suna nanatawa kar ka kai ƙara a kwament.

Ingila da Wales runduna 43 gare su, kowacce da shafinta a Facebook, kai har 'yan sandan unguwa ma suna da nasu. Abin da yafi taɓa min zuciya shine cigiya. Mu a gida in yaro ya ɓata sai gidan rediyo, ko a sanar a masallaci bayan sallah, ko a kai gidan mai unguwa. Nan kuwa su da kansu zasu sa hoton yaro ko tsohuwar da ta rikice ta fita, da kalar kayan jikinta da inda aka ganta ƙarshe, kafin kace kwabo mutanen gari sun yaɗa, in aka same ta su dawo su yi godiya, sau da yawa ma su cire hoton. Sun daɗe a harkar, tun Oktoban 2010 'yan sandan Manchester suka yi awa 24 suna sa duk kiran da ya shigo musu a Twitter, sama da 3,000, don mutane su ga irin aikin da ke kansu.

Ba holen masu laifi kamar yadda muka saba gani a gida, a zaunar da matasa a ƙasa da wuƙaƙe a gabansu ana ɗaukarsu bidiyo tun alƙali bai gansu ba. Nan yawanci sai dai kaji ance an kama wani ɗan shekara kaza, sunansa kuwa sai an tuhume shi a hukumance. Wallahi wannan ya dace mu ɗauka, don in kotu ta wanke yaro wa zai goge bidiyon daga wayoyin mutane, wa zai bashi aure a unguwar?

Amma fa wannan kame bakin nasu mu ya taɓa jawo wa bala'i. Ranar 29 ga Yulin 2024 wani yaro ɗan shekara 17 ya kashe 'yan mata ƙanana uku da wuƙa a Southport, Allah ya kyauta. Doka ta hana a faɗi sunansa saboda shekarunsa, 'yan sanda sun dai ce haifaffen Cardiff ne a nan Birtaniya, amma ina, kafin nan ƙarya ta cika intanet wai musulmi ne ɗan gudun hijira, har da sunan bogi aka laƙaba masa. Washegari aka far wa masallacin garin da duwatsu, rikici ya bazu garuruwa har ana kai hari otal ɗin da aka ajiye masu neman mafaka. Satin nan Yaya ban yi barcin kirki ba, daga aiki sai gida, matanmu masu hijabi ko kanti basa iya zuwa, kowa ido na kan shafin 'yan sanda a ji inda za a taru gobe. Daga baya suka riƙa sa hotunan masu tarzomar ana gane su ana kamawa, wasu ma abin da suka rubuta kawai ya kaisu gidan yari. Kuma sun ɗau darasi, don a Mayun 2025 da wani ya kutsa mota cikin masu murnar kofin Liverpool, a daren suka fito suka ce farar fata ne ɗan Birtaniya mai shekara 53, masu jiran kunna wuta basu samu kafa ba.

Ban ce namu basa komai ba. Ina bin kakakin 'yan sandan Kano Abdullahi Haruna Kiyawa, da Hausa yake magana kuma ko daga nan nakan ji abin da ke faruwa a gari ta wurinsa. Akwai kuma sashen karɓar koke kan 'yan sanda da aka buɗe a 2015, har ta WhatsApp ake tura musu. Shi nake so ka bincika min, ka tambaya a majalisarku ko akwai wanda ya taɓa tura koke aka kira shi aka bi masa kadi, in mun yi waya ranar Juma'a sai ka faɗa min.